Baba Ya Ƙi Mutuwa a Ƙasar Ƙanƙara

Mahaifina ba ya barin Madina. Ko umra ya je Makka, ranar yake juyowa. Kakanmu da ƙafa ya taho daga ƙasar Kano, shekara da shekaru yana kan hanya, don kawai ya mutu a garin Manzon Allah a sa shi a Baƙi'a, maƙabartar da ke gefen Masallaci, Allah kuwa ya cika masa burinsa. Baba ya gaji wannan buri kamar yadda wasu ke gadon gida. In aka gayyace shi biki a Jidda sai ya ce, "In ajali ya riske ni a can fa? Ku gaishe su." Mu 'ya'yansa abin yana ba mu haushi, don ko teku ba mu taɓa gani ba sai da muka girma.

Aikinsa dafa gahawa ne a majalisin wani attajiri mai cinikin dabino a unguwar Anbariyya, wanda shi ma jikan mutanenmu ne. Tun suna samari suke tare, kullum cikin musu. A farkon shekarun dubu biyu, lokacin ina goyon ɗana na fari, 'ya'yan attajirin suka shirya wa tsohonsu hutu irin na masu hannu da shuni. Jirgin ruwa ne mai ɗakuna kamar otal, zai kewaya da su tsibiran can ƙarshen duniya ta kudu, inda babu gari babu jama'a sai ƙanƙara da dabbobi. Attajirin ya ce to, amma ba inda za shi in babu mai gahawarsa. Baba kuwa yana iya ce wa kowa a'a, ban da mutumin nan.

Babban ɗan attajirin ya zo gidanmu na unguwar Aƙiƙ da hotuna don ya kwantar wa Baba hankali. Ni da Inna, mahaifiyarmu, muka laɓe bayan ƙofa. Baba na yi masa Hausa, shi yana amsawa da Larabci, yana kiransa ya ammi, wato baffa.

"Ya ammi, dubi ɗakin cin abincin. Waɗannan kuma batrik ne, tsuntsayen da ke tafiya a tsaye kamar mutane."

Baba bai ko kalli hoton ba. "In mutum ya mutu a cikin jirgin, me ake yi da shi?"

"Akwai likita a jirgin, ya ammi."

"Ban tambaye ka likita ba."

Bawan Allah ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce akwai ɗakin sanyi, a nan ake ajiye mutum har a iso tudu, sannan a sako shi a jirgin sama zuwa gida.

Washegari na zo wuni na tarar da kaji da nama jibge a faranti a tsakiyar ɗakin girki, suna ta ɗigar ruwa. Babbar firizarmu mai murfi a buɗe take. Na leƙa, sai ga Baba kwance a ciki da jallabiyarsa, ya tanƙwashe gwiwoyi, ido a rufe. Na ƙwalla ƙara. Ya buɗe ido ɗaya ya ce in daina yi masa ihu a ka, gwadawa yake ya ji yadda abin yake.

Inna ta shigo, ta dubi namanta, ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Malam, falalar da kake nema ta wanda ya mutu a Madina ce. Ban taɓa jin an ce har da wanda aka kawo shi a daskare kamar kazar Barazil ba."

Baba ya ɗago kai daga cikin firiza ya dube ta. Can ya ce mu kama shi ya fito, gwiwarsa ta riƙe. Da ƙyar muka ciro shi. Ya karkaɗe jallabiya ya ce, "Halas, shi ke nan. Ba zan mutu ba sai na dawo."

"Astagfirullah, kai ke da ran?"

"In sha Allahu nake nufi, Hajiya. Komai sai kin tanka."

Daga ranar ya shiga shirin ƙin mutuwa. Ya je aka cire masa haƙorin da ke motsi, wai kada jirgi ya girgiza ya haɗiye shi ya shaƙe. Ya sa Inna ta cika masa jaka da dabino da garin kunu, don ba zai ci abin da bai san sunansa ba. Mun sha dariya a makonnin nan har cikinmu ya yi ciwo. Amma ranar tafiya, da motar ta bi ta inda ake hango hasumiyoyin Masallaci, na ga ya juya yana ta kallonsu. Nan dariyar ta ɗauke mini. Tsoro ya kama ni sosai, na yi ta roƙon Allah ya dawo mana da shi.

Sau ɗaya ya kira mu daga jirgin. Muryar tana makara kafin ta iso, shi da Inna suka yi ta karo da magana, kowa na cewa ɗan'uwansa ya yi shiru. Ya ce rana ta ƙi faɗuwa yadda ya kamata, don haka ya bar agogonsa a lokacin Madina, da shi yake salla. Sannan ya tambayi abin da ya sa shi kiran.

"Wa ya rasu a unguwa?"

Inna ta ce tsohon telan da ke bayan gidanmu, jiya aka sallace shi a Masallaci aka kai shi Baƙi'a.

Muka ji ƙarar iska kawai. Sai muryar Baba ta iso, cike da kishi. "Ya riga ni! Mutumin da ko sahun farko ba ya samu!" Sai daga baya ya tuna ya ce Allah ya ji ƙansa.

Sun dawo lafiya lau da kaset ɗin bidiyo, dangi suka cika falo. Ga Turawa cikin jajayen riguna suna shiga ƙananan kwale-kwalen roba. Ga Baba, jar riga a kan jallabiya, a kanta kuma rigar nan mai hana nutsewa, wadda attajirin ya rantse da ita Baba yake barci, da ita yake ruku'u. Da farko ya ce ba abin da zai sauko da shi daga jirgi. Amma ƙafar attajirin ba ta da ƙarfi, kuma ya ƙi yarda kowa ya riƙe shi sai abokinsa, dole Baba ya bi shi tsibirin yana salati da ƙarfi.

An gargaɗe su kada su matsa kusa da batrik, sai dai ba wanda ya gargaɗi batrik ɗin. Ɗaya ya taho yana rangaji, ya tsaya gaban Baba, ya kama bakin jallabiyarsa yana ja. Baba ya ƙame, muna jin sa a kaset yana cewa a hankali, "Sakar mini, don girman Allah. Ni baƙo ne, gida zan koma." Wata ƙanwar Inna ta faɗo daga kujera don dariya. Baba ya ce mutanen kirki ne, wari kawai gare su.

Shekaru bayan haka zuciyarsa ta fara ba shi wahala. Likitoci suka ce sai a kai shi Riyad a yi masa aiki. Na zauna bakin gadonsa a asibiti ina lallashi, da lallashi ya ƙi na koma masifa.

"Baba, ka je har inda rana ba ta faɗuwa ka dawo! Riyad ce za ta gagare ka?"

Ya kama hannuna yana murmushi. "'Yata, na ba mutuwa dama sau ɗaya, na kai mata kaina har ƙarshen duniya, ba ta ɗauka ba. Ba zan sake ba ta wata ba."

Na yi fushi da shi ƙwarai, na fita waje na yi kuka, na dawo na ci gaba da bare masa lemo. Bai je Riyad ba. Kafin watan ya ƙare aka sallace shi a Masallaci bayan la'asar, 'yan'uwana maza suka ɗauke shi a kafaɗa zuwa Baƙi'a, tafiyar ba ta da nisa.