Yatsan Amna a Kan Jan Ƙarfe

Yayana Falalu malamin gona ne, amma a Kazaure ba da gona aka san shi ba. In ka bi ta layinmu da la'asar ka ji ƙaurin dalma, to ya dawo daga Gwiwa ko Roni, ya jingine babur, ya shige ɗan ɗakinsa na soro. Lokacin nan arzikin mai ya shigo ƙasa, kowane ma'aikaci na rataye da rediyon kanti, shi kuwa ya ce sai wadda ya haɗa da hannunsa. Ni ƙanwarsa ce, ba na jin nauyin faɗa masa gaskiya. Na sha ce masa neman wahala ne kawai.

Ga yadda yake yi. Daga Kano yake sayo wani ɗan allo kamar tafin hannu, gefe ɗaya an lulluɓe shi da jan ƙarfe. A kan jan ƙarfen ake zana hanyoyin da wuta za ta bi, da jan farce irin namu na mata. In zanen ya bushe sai a tsoma allon a ruwan asid. Asid ya cinye duk inda jan farce bai rufe ba, ya bar zanen kaɗai. Daga nan a huda, a dasa ƙananan kayan rediyo, a liƙe da dalma.

Kai dai Falalu na da shi, hannu ne babu. Zanensa kamar kaza ta taka laka. Matarsa Amna, Babarbariya ce 'yar Babura, gwanar ɗinkin hula, ta shiga soron ne wata rana bin sawun jan farcenta da ke ta ƙarewa ba ta san mai shafawa ba. Ta tarar da ɓarawon, ta duba aikinsa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta karɓi allon ta gyara. Tun daga ranar shi ke tsarawa a takarda, ita ke zanawa, layukanta sirara, ba mai taɓa wani.

Doka ɗaya ya kafa mata: a riƙe allon ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskar jan ƙarfen, don maiƙon hannu na hana asid ci.

"Malam," in ji ta, "ko jariri ai ba a lallaɓa shi haka."

Da cikinta na fari ya tsufa, mahaifiyarta Hajja Kaka ta zo zaman jiran haihuwa. Tsohuwar kunnenta ya yi nauyi. Tana jin Hausa sarai, amma abin da ranta ke so shi ne shirin Barbarci a rediyo, ga shi ko ta manna kunne ba ta jin komai sai gunaguni. Falalu ya tsara abin da zai ƙara ƙarfin sautin ya kai mata har cikin kunne. Amna ta zana shi tana zaune a tabarma, ciki ya hana ta sunkuyawa. Ta jingine allon a tagar soro ya bushe, ta ce gobe a tsoma.

Washegari naƙuda ta taso. Jaririyar, Mas'uda, ta rayu. Amna ba ta kai azahar ba.

Hajja Kaka ta zauna riƙon jikarta. Falalu ya rufe ɗakin soro, bai sake buɗe shi ba sai da damina ta wuce. Ranar da ya buɗe ina gidan, na ji ya kira sunana da wata murya da ban san shi da ita ba. Jan ƙarfen ya dushe saboda laima, kuma a tsakiyarsa, tsakanin layuka biyu, ga shaidar babban yatsa ta fito raɗau, da zanenta zagaye-zagaye. Da aka ajiye allon ba a ganin komai. Sai da aka binne Amna sannan yatsan ya fito. Na yi salati, tsigar jikina ta tashi, kuma har yau in na tuna sai ta tashi.

"Ta karya mini doka," ya ce, yana murmushi, hawaye na zuba.

Na ce ya rufe wurin da jan farce mana, asid ya tsallake shi. Ya girgiza kai. In aka bar jan ƙarfe a wurin, layukan biyu sun haɗe, abin ba zai yi aiki ba. In aka tsoma, yatsan ya tafi. Na ce to ya zana wani. Ya gwada, Allah shaida. Yana buɗe kwalbar, warin jan farcen ya doke shi, ya fice tsakar gida ya dafa bango.

Haka aka shekara, aka ƙara. Ya daina haɗa komai. In ya dawo daga aiki, sai ya shiga soro, ya zauna yana kallon allon, yana riƙe da shi ta gefe. Ya rame. Ɗiyarsa ta fara tafiya bai san ranar ba. Kunnen Hajja Kaka kuma kullum ƙara toshewa yake. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, na rasa wanda ya fi.

Tsakaninsa da Hajja Kaka akwai kunya ta surukuta, ba ta taɓa tsayawa ta yi masa doguwar magana ba. Wata safiya sai ta tsaya a bayan ƙofar soro, ta yi kamar da ni take.

"Dela, ki faɗa wa baban Mas'uda, yatsan nan da yake gadi nawa ne. Ranar sadakar uku na shiga, na ɗauki abin na shinshina, don ƙanshin hannun ɗiyata. Ya yafe mini, na ɓata masa kaya."

Falalu ya tashi ya ɗauko kwanon tangaran, ya zuba asid, ya tsoma allon, yana karkaɗa kwanon a hankali. Ina tsaye a kansa. Jan ƙarfen ya fara narkewa daga gefe, yana matsowa tsakiya. Yatsan ne ya tafi daga ƙarshe, saboda maiƙon hannun nan da yake yi wa Amna gargaɗi a kai. Da ya ɗauraye, layukan Amna suka fito cif, babu wanda ya yanke.

Ranar Juma'a ya gama. Ya jona da rediyo, ya kamo tashar, ya miƙo mini, ya ja baya ya tsuguna a bakin ƙofa kamar yadda ya saba a gaban Hajja Kaka. Na sa mata abin a kunne. Fuskarta ta buɗe, leɓenta ya fara motsi tana bin maganar. Na kama hannunta in ɗora mata a kan abin ƙara murya.

A nan na ga yatsanta. Hajja Kaka ta ƙarar da rayuwarta a haɗa turaren wuta, tana juya garwashi da hannu. Manyan yatsunta duka biyu sumul suke kamar dutsen guga, babu zane ko ɗaya. Na kan allon kuwa mai zane ne.

Na ɗaga kai. Falalu ma hannun yake kallo. Tsohuwar ta janye shi a hankali ta sa cikin mayafi.

"Hajja, kina ji?" ya tambaya.

"Ina ji, ɗana," ta ce. "Ɗauki ɗiyarka, tun ɗazu take jan rigarka."

Ya sunkuya ya ɗauke ta.