Man da Kar-a-taɓa Ta Shafa wa Jakar Fata

Ƙarfe bakwai da rabi take shigowa gidan adana kayan tarihi ta ƙofar baya. Ba ta tsayawa gaisuwa sai ta sauka ɗakin ajiya ta duba ma'aunin zafi da na laima. Daga nan ta bi lungu-lungu tana ɗaga ƙananan tarkunan ƙwari masu danƙo, ta ga wa ya kwana a ciki. Sai ta wanke hannu, ta sa farar riga, sannan ta tuna akwai mutane a duniya.

"Shekara goma sha tara ina buɗe mata ƙofa," in ji mai gadi, "amma kullum gara take fara gaisarwa kafin ni."

Sunan da ke kan takardunta daban ne, amma a gidan kowa Kar-a-taɓa yake ce mata, har shugaba, in ba ta kusa. Mai shara tana nan ranar da wani babban baƙo ya miƙa hannu zai shafa tsohuwar tukunya. Kar-a-taɓa ta sha gabansa, ta rusuna da ladabi, ta ce, "Ranka ya daɗe, da ido ake yi." 'Yarta kuwa cewa take yi ko kofi aka fasa a gida, sai Mama ta jera gutsattsarin a kan tire ta tambayi wa ya ga yadda ya faɗi.

Ƙa'idarta biyu ce. Ba ta yin gyaran da wanda zai gaje ta ba zai iya warwarewa ba. Sannan kowane kaya yana da kati, duk abin da aka yi masa sai an rubuta, ko da goge ƙura ne. Shekara talatin da huɗu aka yi ana cewa ba abin da ya taɓa lalacewa a hannunta, kuma da wannan shaida aka shirya yi mata bikin ritaya.

Saura shekara guda ta tafi sai ga wani mai bincike daga jami'a, wanda kowa ke kira Dakta. Tsohuwar jakar fata ta matafiya ya zo nazari, baƙa ƙirin, mai ɗan danƙo in an sa mata safar hannu. Ya kankari ɗan mitsitsin baƙin, ya kai ɗakin gwaje-gwaje, ya dawo bakinsa har kunne. Mai ne, in ji shi, ya jiƙe fatar gaba da baya. Ya ce ashe masu jakar suna shafe kayansu da mai don kada ruwan sama ya ratsa, dabarar da ba wanda ya taɓa rubutawa. Har ya tsara abin da za a sa a allon bayani, takardarsa kuma ta kusa zuwa ɗab'i.

Kar-a-taɓa ta san man. Wata na uku da ɗaukarta aiki, mai koya mata ya yi tafiya, ta ga jakar ta bushe ta ƙandare, ta ba ta tausayi. Sai ta yi mata abin da mahaifinta yake yi wa takalmansa: ta zo da mai daga gida ta mulke ta. Jakar ta yi laushi, ta yi sheƙi, har aka yaba. A hankali man ya daskare, ya sha ƙura, ya rufe komai. Ba ta rubuta a kati ba, wanda ya koya mata aikin ya rasu tuntuni, kuma ba wanda zai taɓa sani.

A taron da aka yi don amincewa da allon bayanin, ta bari Dakta ya gama, sannan ta ɗaga hannu.

"Dakta, gwajinka daidai ne, mai ne. Amma ba na matafiya ba ne. Nawa ne."

Shugaba ya cire tabarau. "Haba Hajiya, ke da kanki?"

"Ni da kaina, ranka ya daɗe. Kuma ban rubuta ba. Shi ya fi man muni."

Kunya ce ta shekara talatin da huɗu, kuma a gaban waɗanda ta horar ta sha ta. Dakta ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwarta. A na huɗu ya zo da sakamakon gwajin, ya ce tunda an san irin man, an san abin da zai narkar da shi.

Wata bakwai ta yi a kan jakar, da tsinke mai auduga a baki, faɗin farce ɗaya a wuni. Ta dangwala a maganin narkar da man, ta murza, ta jefar, ta ɗauki wani. A wata na biyu ja ya fara leƙowa, sannan kore, sannan wani ado na zare siriri wanda tun kafin a haifi rabin ma'aikatan gidan ba a gan shi ba. Wannan adon ne Dakta yake nazari a kai yanzu, kuma ya ce ya fi abin da ya rasa.

Ke ce, Kar-a-taɓa, mai gadin abin da ba ya iya kai ƙara. Jakar nan ba ta da bakin da za ta tona ki, ke kika tona kanki. Da kin yi shiru, da an yi miki jawabi mai daɗi, an kuma manna ƙarya a bango yara su riƙa kwafa. An gode miki da tukwanen da ba su fashe ba, da tufafin da asu bai ci ba. Masu hannu a kan amanar jama'a, likita ne ko magini, su duba katinsu su ga ko akwai layin da suka bari fari.

Ranar ritayar, shugaba ya soke jimlar nan ta "ba abin da ya taɓa lalacewa" daga jawabinsa, domin ita ta ce a soke. Jakar tana cikin gilashi a zaure na biyu. A gindinta ta hagu akwai baƙin tabo kamar girman babban yatsa, wanda ta ƙi gogewa don masu zuwa su ga abin da mai yake yi wa fata. Katin kuma ya cika. Layin ƙarshe da rubutunta ne, da kwanan watan da ya kamata ya zama na farko: "An shafa mata mai. Kuskure ne. Ni na yi."