Ruwan da Mahaifina Ya Ƙi Sha

Shekarar da nake aji biyu a makarantar Midil ta Zariya, na zo hutun ƙarshen damina na tarar an kai mahaifina sansanin masu ciwon barci. Bukkoki ne jere da hukumar En'e ta gina a bakin daji, tafiyar rabin yini daga Tsohon Birnin Gwari, an sare itatuwan rafin da ke kusa saboda ƙudan tsando. Wanda allura ta yi wa aiki yakan koma gida. Wanda ciwon ya riga ya ci jikinsa kuwa nan yake zama, wani har shekaru. Kowane majinyaci sai da nasa mai jinya. Ƙanen mahaifina ne ya fara zama, amma dawa ta nuna, mahaifiyata kuma tana goyo, sai aka ce ni.

Ni ne ɗan fari. Tun da na yi wayo mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya yi mini magana ba. In yana son abu sai ya ce, "A kawo buta," kamar da bango yake. Yanzu ga shi kwance, ƙafafu sun mutu, fitsari na zubo masa bai sani ba, kuma hannuna ne zai kwance masa wando.

Malamin asibiti, wanda yake zuwa a kan keke duk bayan kwana huɗu, shi ya nuna mini aikin. Gadon kara ne, an bar rata a tsakiya, a ƙasa an ajiye kasko cike da toka da yashi. Tokar tana shanye jiƙa, tana kashe wari. Da safe in ya sha kunu sai in ɗaga shi in zaunar a kan wani kasko daban, in juya baya ina riƙe da kafaɗarsa, har ciki ya saki. Sannan wanki da ruwan ɗumi da sabulun salo, a tsane da tsumma, a shafa man kaɗanya a matsematsi da ɗuwawu don kada fata ta saɓule ta zama gyambo, a ɗaura masa busasshen tsumma ya tare fitsarin.  Duk muna yi, shi yana kallon jinka, ni ina kallon hannuna.

A ɗaya gadon akwai wani tsohon Bafulatani da muke kira Baffa. Shi ma ƙafafunsa sun mutu, amma bakinsa lafiya lau.

"Ɗan boko," in ji shi, "Turawa sun koya maka wankin gindi a Zariya, ko nan ka fara aji ɗaya?"

 Ni abin da na iya shi ne rubutu. Na ware shafi a bayan littafin lissafina, duk sanda na canja tsumma sai in ja layi. Ranar farko layi tara. Washegari takwas.

A kwana na biyar mahaifina ya fara ture ƙoƙon ruwa. Ya kurɓi kunu sau biyu ya kau da kai. Ranar layi huɗu na ja. Washegari biyu. Na dubi shafin nan na ji daɗi, na ce sauƙi ne ya zo. Har na riƙa dama kunun da kauri, ina ganin taimako nake yi. Tabarma ta bushe, wari ya ragu, na ga yana yin taimama yana salla daga kwance fuskarsa a sake. Cikinsa ya ɗaure kwana uku, ban haɗa wannan da wancan ba.

Da malamin asibiti ya zo na miƙa masa littafin. Bai gama dubawa ba ya tsuguna ya tsunkuli fatar hannun mahaifina. Fatar ta tsaya a tattare, ta ƙi komawa. Ya duba tsumman, ɗan abin da ke jiki ja ne kamar ruwan kanwa.

"Kai ne mai karatun?" ya ce. "Wannan ba sauƙi ba ne, bushewa ce. In bai sha tulu guda kafin in dawo ba, ba allura zan kawo ba, likkafani za ku nema."

Ya hau kekensa ya tafi. Na cika ƙoƙo na ajiye kusa da kan mahaifina. Bai taɓa ba. Na kawo ruwan tsamiya, na kawo farau-farau. Leɓunansa sun tsage, amma ya datse baki. Can da azahar na ji yana magana da Baffa, murya kamar ana jan kara a ƙasa.

"Tun da na balaga ban tsaya gaban Ubangijina da najasa ba. Ba zan fara yanzu ba, da ƙafa ɗaya a kabari."

"To ai sai ka mutu da tsarki, kamar busasshen kifi," in ji Baffa. "Ni kam ina sha ina zubarwa, Allah Ya san abin da Ya halitta."

Mahaifina bai yi dariya ba.

Da sassafe na roƙi matar Baffa, mai jinyarsa, ta duba mini mahaifina, na kama hanyar Gayam da gudu, zuwa ƙauyen da aka ce akwai liman mai karatu. Na tarar da shi yana yankan gero. Kunya ta hana ni faɗin kalmar, sai da ya daka mini tsawa. Da ya ji, ya ce wannan ai sananne ne. Wanda fitsari ke zubo wa ba da ikonsa ba, in ya kai rabin yini ko fiye yana zuba, alwalarsa ba ta karye ba, sallarsa ta yi. Na sa ya maimaita, na rubuta.

Na dawo rana ta take. Mahaifina ya fara sambatu, yana kiran wansa da ya rasu. Da hankalinsa ya ɗan dawo na zauna a bakin gadon Baffa, na ba mahaifina baya, na karanta wa Baffa maganar liman da ƙarfi. Na karanta masa layukan kwanakin farko, tara, takwas, takwas, na ce wannan ya wuce rabin yini.

 Sai mahaifina ya ce, "Baffa, a gaya masa wannan da ne. Yanzu ai ba ya zuba."

Na rasa inda zan sa kaina. Gaskiya ya faɗa, kuma littafina ne shaidarsa. Layi biyu, layi ɗaya, jiya babu ko ɗaya.

Baffa ya daina wasa. Ya dube ni ya ce, "Ni na gaji da aike. Ga ka ga shi."

Ban san yadda na tashi ba. Na ɗauki ƙoƙon, na zagaya ta gaban gadon, na durƙusa daidai fuskarsa. Idanunsa sun faɗa ciki. Ban taɓa ganinsu kusa haka ba.

"Baba," na ce, "ni na ga kana ƙin ruwa na yi murna. Ni na kaurara kunun. In ka tafi a haka, ni na kashe ka. Don Allah kada ka bar ni da wannan."

Ya daɗe yana dubana. Na kai ƙoƙon bakinsa. Sai ya ɗan buɗe baki. Na tallabo ƙeyarsa, ya kurɓa, ya ƙware, ya yi tari, ya sake kurɓa. Kafin la'asar ya sha ƙoƙo uku, kaɗan-kaɗan.

Sai bayan la'asar na ji ɗiga a cikin toka. Ya runtse ido, hawaye na bin gefen kunnensa. Na wanke shi, na sa sabon tsumma, kafin in gama ɗaurewa ya sake jiƙewa. Na miƙa hannu zan kwance.

"Bar shi," ya ce, kuma da ni yake. "Juya ni gabas."