Farin Zoben Mai Kwalba

Tagar ofishina tana kallon wurin renon itatuwa na ma'aikatar gandun daji, don haka yawancin abin da zan faɗa a kan Mai Kwalba da idona na gani. Inda ji kawai na yi, zan ce ji na yi. Ni akawu ne, ban iya sa wa magana gishiri ba.

Sunan daga aljihunsa ya fito. Duk rigar da ya sa akwai ƙananan kwalaben magani a ciki, cike da iri, kuma kafin ka gan shi ka ji ƙararsu. Gajere ne kakkaura, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka saboda ɗaukar tsani. Aikinsa tara irin maɗaci da kula da itatuwan da ake samun irin. Can cikin gandu akwai wani kwari da manyan maɗatai suka miƙe sambal, kuma duk dashen maɗacin da ke wurin renonmu daga 'ya'yansu yake.

Dokar wurin mai sauƙi ce. Iccen da aka keɓe don iri ana zagaya masa farin fenti daidai ƙirjin mutum. Wanda za a sare ana ɗiga masa ja. Muddin farin zoben yana bayyane, zarto ba ya zuwa kusa. In ya ɓace, iccen ya koma kamar kowane icce. Shi kuwa ɓawon maɗaci ɓarewa yake yi, damina tana cinye fentin. Saboda haka kowace shekara kafin ruwan farko Mai Kwalba yakan ɗauki gwangwani da buroshi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sabunta musu. Rayuwar itatuwan nan a kan wannan ɗan aikin take.

Ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa. Tare muke cin abincin rana a kan bencin bayan sito. Yakan ce in ya yi atishawa biyu in rubuta ɗaya in bar masa ɗaya ya kai gida. Ba waliyyi ba ne. Yana da saurin fushi, a taro barci yake yi, kuma abin da ya ara ba ya dawowa, lemata ta tsufa a hannunsa. Da aka haifi 'yata ta fari ya zo da dashe ya shuka mana a tsakar gida, kusa da katanga fiye da kima. Har yau maiɗakina tana mitar tsagar da saiwar ta yi.

Abokin tafiyarsa shi ne Dogo, mai riƙe masa tsani. Mai Kwalba ne ya koya masa gane ƙwallon da ya nuna kafin ya fashe iska ta kwashe irin, shi ne kuma ya tsaya masa har aka tabbatar da shi a aiki. In suna tafe tare direbobi sukan ce ga tsani ga kwalba. Kwano ɗaya suke ci a daji.

Ciwon ƙirji ya kama Mai Kwalba a ƙarshen wata damina. Na je duba shi a asibiti na tarar da Dogo a bakin gado yana masa fifita. Bai yi maganar gida ko ta yara ba, wannan ya riga ya gama da matarsa. Ya dube mu ya ce, "Kada ku bar farin nan ya mutu."

Dogo ya dafa ƙirji ya ce ko da rarrafe zai je. Ni shaida ne. Yaya bai tashi daga wannan ciwon ba. A wajen gaisuwa kuma Shugaban ma'aikatarmu ya faɗa a gaban jama'a cewa muddin yana kan kujerarsa, ganye ɗaya ba zai faɗi a kwarin nan da hannun mutum ba. Dogo ya fi kowa kuka, sai da aka riƙe shi.

Da rani ya yi nisa na tuna wa Dogo. Ya ce yana sane, fenti yake jira. Na je wurin mai sito, ya ce fari ya ƙare, ja ne dai ga shi nan jibge. Na nemi a sayo, na bi maganar har gwangwani ya iso. Sai motar daji ta lalace. Da aka gyara ta, bayan Dogo ya riƙe. Da bayan ya saki, aka tura shi kashe gobara a wani ɓangaren gandun. Kowane dalili in ka ɗauke shi shi kaɗai, gaskiya ne. Ban kama kowa da ƙarya ba.

Da na ga hadari ya fara haɗuwa na shiga wurin Shugaba na roƙi a bar ni in je da kaina. Ya yi dariya, ya ce ai ni ne mai karanta musu doka, na san ma'aikacin ofis ba ya taɓa icce da fenti, in ya taɓa laifi ne. Ya ce in kwantar da hankalina, ba zai ci amanar mamaci ba. Na fito da kwanciyar hankalin kuwa.

Ruwa ya sauka. A cikin daminar ne wani ɗan kwangilar katako ya fara yawan zuwa gaishe da Shugaba. Mutum ne mai fara'a, har ni yakan leƙo ta taga ya tambayi iyali. Na lura Dogo ya daina zama a bencin bayan sito. In mun haɗu a baranda sai ya ce, "Akawu, ana kan hanya," ya wuce kafin in buɗe baki.

Bayan ɗaukewar ruwa, wata ranar hutu, na ari babur ɗin surukina na nufi kwarin. Niyyata in ga abin da ya rage na farin, in dawo in yi magana da hujja. Tun daga gangaren na hango ja. Icce bayan icce, ɗigon ja ɗanye yana sheƙi. A ƙarshen layin ga Dogo tsugune yana motsa gwangwani da tsinke.

Bai gudu ba, bai kuma ɓoye buroshin ba. Ya miƙe ya gaishe ni kamar a baranda muka haɗu. Na matsa jikin icce na nuna masa cikin tsagar ɓawo, inda sauran farin yake maƙale kamar garin alli.

"Wannan fa?"

"Doka cewa ta yi a gan shi daga kan hanya, Akawu. Kai ka fi ni sani. Je ka tsaya can ka gaya min in kana gani."

"Ka dafa ƙirji a gabana."

"Ban kankare ko ɗaya ba. Wallahi ban sa musu hannu ba. Ruwa ne."

Na ce ruwan ma ai jiransa aka yi. Ya goge hannu a wando. Daga nan ya shiga bayani, cewa yana da yara, in bai ɗiga ba wani zai ɗiga, shi an aike shi ne. Sai ya faɗi abin da har yau yake min yawo a kai. Ya ce maganar kwarin an gama ta tun Yaya yana kwance a asibiti.

"Shi kaɗai ake jin kunya," in ji shi. "Da ya tafi kuma, sai a jira farin ya bi shi."

Wato ranar da yake fifita a bakin gado ya sani. Shugaba ma ya sani lokacin da yake maganar ganye a gaban jama'a.

Na rubuta ƙorafi kamar yadda tsari ya tanada. Amsar ba ta daɗe ba: an aika an duba, babu icce mai farin zobe a kwarin. Na karanta ta sau da yawa ina neman kuskure, ban samu ba. Bayan haka manyan motoci suka fara wucewa ta gaban tagata da gumagumai, jajaye a yanke, kowanne ya fi ƙarfin hannun mutum biyu. A wurin reno leburori suka cika ledoji da ƙasa kamar kullum, suka jera, babu irin da za a zuba.

Na daɗe ina ɗaga zuwa gidan Mai Kwalba, don ban san da bakin da zan gaya wa matarsa ba. Uwargida nake ce mata, ita kuma ta ce min ƙanin miji. Ranar da na je na same ta a tsakar gida tana girki, yara suna wanki a gefe. Jikin katanga an tara itacen girki har kusan tsayina, fasasshe, ja.

Ta tare ni da tsiya, wai ƙanin miji ya yi kuɗi ya manta hanya. Ta nuna tarin ta ce mutanen ofishinmu 'yan halak ne, Dogo da kansa ya kawo a mota ya sauke, ko ruwa bai tsaya sha ba. Ta ce yana da ɗan hayaƙi amma yana ci. Sannan ta tambaye ni ko an samu zuwa kwarin bana.

Na gaya mata duka, a jere, yadda na rubuta a nan. Na gaya mata daga inda rassan nan suka fito.

Ta daɗe tana kallon murhun. Na zaci za ta janye itacen ta kashe. Sai ta dubi yaran, ta dubi tukunyar da ba ta nuna ba, ta tura guntun da ke ci ciki da ƙafa.

"Wannan dai ya riga ya shigo," ta ce. "Ka ce masa kada ya sake kawowa. Kada kuma ya zo gaisuwa."

Washegari na isar da saƙon a baranda, mai sito da direbobi suna tsaye. Dogo ya ce to.