Karsanar da Aka Tura Cikin Dam da Ƙafafunta a Ɗaure

Na daɗe ina jinkirin rubuto wannan labari. Sau da yawa nakan ɗauki biro in ajiye, ina tsoron kada ya zama na ci naman ɗan'uwana, ko in faɗi wani abu ba yadda ya faru ba. Amma abin ya ƙi barin zuciyata, shi ya sa na rubuto, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba.

A lokacin ina aiki a jirgin ƙanen mahaifiyata, wanda nake kira Kawu, a dam ɗin Goronyo. Jirgin katako ne mai inji a baya, muna ƙetarar da mutane da kayansu. Karatuna bai wuce firamare ba, aikina kwarfe ruwa, jera kaya da wanke filogi. Tun asali ni mai yawan damuwa ne, in na ɗaure jirgi sai na dawo na sake taɓa ƙullin. Saboda haka Kawu ya laƙaba mini Malam Waswasi, har 'yan bakin ruwa suka ɗauka.

Da damina ta kama, injin ya fito da wani hali. Da safe ja ɗaya yake tashi, amma in ya yi tafiya ya ɗau zafi sai ya yi tari ya mutu. Na canza filogi, na busa tiyon mai, na duba ko ruwa ya shiga tanki, duk lafiya lau. Abin da na lura, in aka bar shi ya huce, sai ya tashi kamar ba abin da ya same shi. Wani bakanike a Wurno ya ce mini wannan aikin kwayil ne, wato abin da ke ba filogi wuta. Ya ce in ta fara lalacewa takan ɗauke wuta da zafi, ta dawo da ita da sanyi. Na gaya wa Kawu, ya yi tsaki.

Ranar kasuwa, jirgi cike da mutane, sai ya kira ni. Ya ce wa jama'a su zo su ga injiniyan gidansu, wanda ya gano ciwon da shi bai gano ba tun kafin a haife ni. Ya cire wayar filogi ya ce in riƙe bakinta, ya fizgi igiya. Wuta ta doke ni har kafaɗa, na yi ƙara. Ya tambaye ni akwai wuta ko babu, in faɗa da ƙarfi kurame su ji. Na ce akwai. Ya ce bai gamsu ba, in sake riƙewa, ya sake ja. Mutane suka yi ta dariya, wata tsohuwa har da riƙe ciki. Na ce ai yanzu injin da sanyi yake, amma ba wanda ya saurare ni.

Cikin fasinjojin akwai wani dattijo Bafillace da karsanarsa fara. Kamar yadda muka saba, mun ɗaure ƙafafunta huɗu wuri ɗaya muka kwantar da ita a tsakiyar jirgi, kusa da buhunan takin zamani na Kawu. Muna cikin ɗaurin ne dattijon yake gaya mini ɓarayin daji sun kore garkensa kaf, ita kaɗai ta tsira don tana wajen 'yarsa a ranar. Ya ce karsanar tana da ciki, da ita zai sake kafa garke wajen danginsa can gefen garin Rara. Ya roƙe ni in sa mata ciyawa ƙarƙashin kai kada katako ya ji mata ciwo. Na ce Baffa ya kwantar da hankalinsa, lafiya za mu sauke ta.

Muna tsakiyar ruwa injin ya mutu. Ga hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kaɗa jirgi, ruwa na faɗowa ciki. Kawu ya ja igiya har ya yi gumi. Ya sake miƙo mini wayar, na riƙe, ya ja, ban ji kome ba. Na ce babu wuta. Ya ce ƙarya nake, ramuwa nake son yi. Na ce masa a bar injin ya huce gwargwadon a yi alwala a yi salla, zai tashi, kafin nan a zubar da buhu kaɗan na taki, ni kuma in ci gaba da kwarfe ruwa. Ya kwaɗa mini mari, ya ce ko takin na ubana ne da zan yi kyauta da shi.

Mata suna ta salati, maza suna cewa a rage kaya. Kawu ya dubi buhunansa, ya dubi karsana, sai ya ce ita ce ke mutsu-mutsu za ta kifar da mu, a jefa ta ruwa. Allah ne shaida, tana kwance shiru. Dattijon ya durƙusa ya kama ƙafar Kawu, ya ce in dole ne, to a kwance ta, saniya na iyo, shi zai bi ta ya riƙe wutsiyarta. Kawu ya ce in aka kwance ta za ta fasa katako da shuri, ya tambaye shi mi ya fi, ran mutane ko dabba. Wani ɗan kasuwa ya ce ai su Fulani dama sun fi son shanu da 'ya'yansu. Ba wanda ya goyi bayan dattijon. Akwai 'yar wuƙar da nake kankare filogi a aljihuna. Na sa hannu na kama ta don in yanke igiyar, sai na tsaya ina tunanin ko zan yi kuskure in yanke mata jijiya, ko Kawu zai jefa ni tare da ita. Ina cikin wannan tunani suka mirgina ta cikin ruwa. Sau ɗaya ta ɗago hanci, daga nan ba mu sake ganinta ba.

Ba a jima ba Kawu ya ja igiya, injin ya tashi. Ya yi hamdala, ya ce kun gani, nauyi ne ya hana shi. Da muka isa gaɓa ya shaida wa mutane ni ne na taɓa filogi da safe na ɓata. Dattijon bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Ya ɗauki sandarsa ya sauka, ya bi hanya cikin ruwan sama. Mako bai zagayo ba Kawu ya sayo sabuwar kwayil ya sa. Ni kuma na bar aikin, na koma noman gero.

Abin da na koya, injin da ke tashi a bakin gaɓa ba shi ke nuna lafiyarsa ba, a gwada shi da zafi kafin a ɗora rayuka a kansa. Masu jirgi, don Allah ku saurari mai gaya muku, ko da matsoraci ne. In za ku ɗaure dabba, ku yi ƙullin da ja ɗaya zai kwance. Masu irin halina kuma, ku sani akwai lokacin da dogon tunani yake zama cuta ga wani.

Ina roƙon masu karatu na yankin Rabah, Wurno da Goronyo: duk wanda ya san dattijon da ya rasa farar karsana mai ciki a dam, ya sanar ta wannan mujalla ko yana raye da inda yake. Ina da maraƙa yanzu da nake so in ba shi, kuma ban san ko zai karɓa daga hannuna ba.