Mai Neman Jijiya

A ɗakin da muke koyon kare kai, yau an haɗa ni da wani baƙo. Magidanci ne mai tumbi, rigar atisayensa sabuwa fil, ko karin ninkinta bai baje ba. Mu muna ta gudu da tsalle, gumi na zuba, shi kuwa yana gefe yana murza babban yatsansa. Wai a ɗakin kusa yake ɗaukar darasin danne jijiya, inda ake koya wa mutum ya taɓa wuri ɗaya a jikin ƙato, ƙaton ya zube.

Ya kama hannuna yana lalube kamar mai zaɓen tumatir.

"Ƙanena, ka ji wani abu?"

"Ban ji komai ba, Yaya."

"To daina motsi mana! Ai sai ka tsaya cak sannan take aiki."

Haba! Wane ɗan ƙwace ne zai tsaya cak a nemi jijiyarsa? Na buɗe baki zan faɗa masa, sai idona ya sauka a wuyan hannunsa. Shatin agogo na nan, agogon babu, ga sabon tabo a gefe. Ina jin tare shi aka yi a lungu, kuma tun ranar bai yi barcin kirki ba.

Yana dannawa, yana kallona da idon roƙo. Idan na zube, zai koma gida da murna, gobe ya gwada a kan mai wuƙa. Na ƙi faɗuwa.

"Yaya, sakar mini hannu. Zo mu fara da gudu."