Hannun Tela

Dattijuwar tana zaune a bencin asibitin masu taɓin hankali, ta dafe hannun ɗanta a cinyarta kamar wadda ta kama tsuntsu. Hannun rawa yake yi. Ɗinkin rigarsa na gwani ne. Da alama tela ne shi, kafin ƙwayoyin da suka kashe muryoyin da yake ji su kashe masa yatsu.

"Umma," in ji shi a hankali, "likita ya ce sabon maganin ya iso. Ko zan sake iya sa zare a allura?"

"Bari dai mu ji tukuna, ɗan nan."

Ta kasa kallonsa. Wataƙila ba yau ta fara roƙon likita a bar shi a kan tsohon maganin ba, domin tun da aka soma shi ɗan bai sake ɓalle ƙofa a gidanta ba, har barci take samu. Lafiyar wa take karewa, tasa ko tata?

Ma'aikaciyar jinya ta kira su. Dattijuwar ta gyara mayafi, ta saki hannun.

"Yau kai za ka amsa wa likita."

Yanzu nata hannun ne ke rawa.